Inda Tantina Yake Yoyo

Sana'ata ɗinkin tamfol. Shekara 23 ke nan ina kan keke a Fagge, cikin Kano, ina ɗinka rumfar biki, murfin manyan motoci, labulen adaidaita sahu, da rumfunan da 'yan kasuwa ke kafawa a bakin shago. Duk wanda ya tambaye ni ko kayana na yoyo, amsata ɗaya ce: "Alhaji, in ya yi yoyo ka dawo min da abina." Kuma ba a cika dawowa ba. Sai dai duk tsawon shekarun nan ban taɓa kwana a ƙarƙashin abin da na ɗinka ba. Tanti ɗaya na taɓa kwana a ciki, na Mina, shekarar da Allah Ya nufe ni da sauke farali. Shi kuwa ba irin namu ba ne, don tun bayan gobarar 1997 aka mayar da su na wani yadi da wuta ba ta ci, ga na'ura tana busa maka sanyi. Ina tune da yadda mutane ke ta zikiri, ni kuma ina bin ɗinkin da yatsa. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Yayana ya rasu ya bar min ɗa namiji ɗan shekara 9. Sunan mahaifinmu aka sa masa, saboda haka ba na kiran sunansa, Babana nake ce masa, shi kuma ya ce min Baffa. A shagona ya tashi. Kafin ya gama sakandare ya fi duk yaran shagon iya jan layi a miƙe, na riga na sa a raina shi zai gaji keken. Sai ya zo min da maganar wai karatun gandun daji zai yi. Na ce masa mutane na gudowa daga daji suna shigowa birni, kai kuma sai an biya maka kuɗi an koya maka komawa? Ya yi shiru, ya tafi ya yi karatunsa. Bautar ƙasa ta jefa shi ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, can saman tsaunin Mambila. Aka gama, muna ta zuba ido, yaro bai dawo ba. Ya samu koyarwa a wata makaranta a Nguroje, in an yi hutu kuma yana raka baƙi masu zuwa hawan dutse da kwanan daji. Da labari ya zo min, na ce wa uwargidana, "To, mun yi asara, ya zama ɗan dako." Maganar ta isa kunnensa. Shekara biyu ba abin da ke haɗa mu sai barka da sallah a waya, ni ma na daina ce masa Babana, sai dai "kai" ko "yaron nan".

Ran nan bayan isha'i ya kira. Ya ce ya ga yarinya, iyayenta sun ce ya turo magabatansa. "Baffa, ba ni da wanda zai nema min aure sai kai." Wannan ba maganar da ake cewa a'a ba ce.

Mako biyu kafin tafiyar na yanke shawarar ɗinka masa tanti. A baki na ce tsaraba ce. A zuci kuwa so nake ya ga abin da ya bari. Na zaɓi koren tamfol mai kauri, irin na murfin tirela. Na yi shi dogo yadda mutum zai miƙe tsaye a ciki ya yi sallah, na sa mai walda ya yanka min sandunan ƙarfe. Da yake an ce garin akwai sanyi, ban bar masa taga ko ɗaya ba, duk wata kafa na toshe ta, ƙofar ma zif na sa mata har ƙasa. Kowane haɗi sau biyu na bi shi da babbar allura. Na kafa shi a tsakar gida na sa yara suka yi ta kwara masa ruwa da bokiti, ko ɗigo bai shiga ba. Na ce to, madalla.

A watan Nuwamba na tashi, ni da wani ƙanin mahaifiyarsa. Daga Kano zuwa Gombe, zuwa Numan, muka kwana a Jalingo. Washegari Bali, sai Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Har nan zafi ne irin wanda na sani, riga na manne wa baya. Daga Mayo Selbe ne mota ta fara hawa. Hanya ta riƙa naɗewa jikin dutse kamar rawani, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami wanda ba ka son leƙawa. Manyan motoci na saukowa a hankali da katakon zaiti, birki na kuka. Kunnena ya toshe, direba ya ce in haɗiyi yawu. Kafin mu kai Maisamari kowa ya ɗaga gilashi. Da muka fito sarari sai na ga ƙasar da ban taɓa zaton akwai irinta a Najeriya ba: tuddai kore shar, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, ba ƙaya ba sabara, jajayen shanu masu dogayen ƙaho sun bazu a kai, gajimare kuma yana tafiya ƙasa da inda muke.

Yaron ya tare mu a tasha. Ya yi baƙi, ya bushe, amma ya yi ƙarfi. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa a gajarce.

Masaukin da ya kama mana ɗakuna ne guda biyar a jere, ginin ƙasa da rufin kwano mai tsatsa. Ba fanka, ba gidan sauro, ba a ma bukatarsu. Gado na katako, barguna biyu masu nauyi, da fitilar caji a kan taga. Da asuba wani yaro ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ajiye bokitin ruwan zafi yana tururi, wannan shi ne duk jin daɗin gidan, kuma wallahi ya fi min talabijin. Na fara gwada alwala da ruwan randa don kada a ce na ji tsoro, sai da haƙorana suka amsa.

Neman auren bai ba mu wahala ba. Mutanen kirki ne, asalinsu fatake ne da kakansu ya hau dutsen da fatauci ya zauna. Hausa suke yi da mu, amma da sun juya ga junansu sai Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa a can, tsakanin Mambila da Fulani da Kaka da Panso da sauransu. Uban yarinyar ne ya ba ni tarihin sunan ƙaramar hukumar. Ya ce da can yankin a hannun Jamus yake, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila a matsayin riƙon amana, sai a 1961 aka kaɗa ƙuri'a Arewacin Kamaru ya zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Aka kawo tuwon masara da zuma da fiya, aka dafa shayin Kakara wanda ake nomawa a nan kusa da su. Ni da nake shan shayi kullum ban taɓa ganin ganyensa a jikin itace ba sai a tafiyar nan. Aka sa rana, aka shafa fatiha.

A daren ne na kwance masa tsarabar. Ya zagaya tantin, ya ɗaga sandunan ya ji nauyinsu, ya shiga ya fito. Ya ce, "Baffa, an gode, Allah Ya ƙara buɗi. Ɗinkin ya yi kyau." Ya ɗan yi jim. "Sai dai ya yi tsawo, iska za ta same shi. Kuma da an bar masa wurin shan iska." Na ce kai da ka bar keke shekara nawa, yau kai za ka koya min tamfol? Na ce in yana shakka mu je duk inda yake kai baƙin nasa, ni da kaina zan kwana a ciki. Kawunsa ya ce shi kam gwiwarsa ba ta hawan dutse, yana nan yana jiranmu. Shi ya fi ni hankali.

Inda yake kai baƙi shi ne Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyaka da Kamaru. Yana cikin gandun Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi duk gandayen ƙasar girma, murabba'in kilomita sama da 6,000. Ba a shiga sai da izini da rakiyar jami'in gandun. Shi ya shirya duk wannan. Muka hau babura daga Nguroje zuwa Njawai, tafiyar da ta kusa raba ni da ƙuguna, daga nan sai ƙafa. Mu biyar ne: ni, shi, jami'in, da samari biyu masu ɗaukar kaya. Tantina kaɗai ya cinye mutum ɗaya. Nasu kuwa ɗan ƙullin da bai fi matashin kai ba.

Tafiyar ba zan ja ta ba. Hawa, gangara, tsallake rafi, hawa kuma. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda yaron nan ke tafiya yana karanta ƙasa. Ya nuna min yadda bishiyoyi suka taru a kwazazzabai kawai, inda ruwa yake kuma wutar daji ba ta kaiwa. Ya ce shanu na yawa a sama ne saboda ƙudan tsando ba ya son sanyi. Ya ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6, Kano kuwa ko mita 500 ba ta kai ba, in yi lissafi da kaina. Ina jin sa, ina haki, ban tanka ba.

La'asar sakaliya muka yada zango a gefen wani tudu. Suka kafa nasu biyu a wani ɗan lungu bayan duwatsu, ƙanana, masu riga biyu, ta ciki da ta waje. Ni na ce a kafa nawa a fili inda ƙasa ta fi lebur. Jami'in ya dubi yaron, yaron ya dubi ƙasa. Aka kafa. Ya tsaya kamar gidan sarki a tsakiyar bukkoki, har na sa aka ɗauke ni hoto a bakinsa. Na fito da waken da na taho da shi na ce a dafa mana garau-garau. Aka yi ta tura itace, wake ya ƙi. Yaron ya ce a irin wannan tsawon ruwa na tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a gida ba, shi ya sa su taliya da garin kwaki suke ɗaukowa. Muka ci shi da ƙarfinsa. Ya miƙo min wata 'yar katifar roba siririya ya ce in shimfiɗa, na ce tabarmata da bargona sun ishe ni. Ya ce to in cire rigar da na yi gumi a ciki. Wannan ma ban yi ba. Na haɗa magariba da isha'i, na ja zif har ƙasa.

Ƙasa ce ta fara cin amanata. Sanyi ya riƙa ratso tabarma yana shiga haƙarƙarina kamar ana zuƙe min ɗumin jiki da tsinke. In juya dama, in juya hagu. Can na ji ɗigo a goshi. Na kunna tocila. Ba a fara ruwa ba, amma duk cikin rufin ya jiƙe, ƙwayoyin ruwa sun jeru suna sheƙi, suna gangarowa bango. Numfashina ne da gumina, sun rasa ta inda za su fita, suka taru a jikin tamfol mai sanyi suka dawo min. Ni na toshe kafofin da hannuna. Bargon ya fara yin danshi.

Wajen ƙarfe ɗaya iska ta taso, ruwan ƙarshen damina ya biyo ta. Ba irin ruwan bokitin yarana ba ne mai zubowa daga sama, wannan a kwance yake zuwa. Bangon tantin ya riƙa kumbura yana faɗawa, yana bugawa kamar ana dukan ganga. Iska na jan yadin, ramukan allura na buɗewa, sai ga ruwa yana tsattsafowa a layi, daidai kan ɗinkin nan da na bi sau biyu. Huda biyu na yi wa kowane haɗi, ban like ko ɗaya ba. Ina haska layin da tocila ina kallon aikina, sai turken gefen gabas ya tumɓuke. Sandar ƙarfe ta faɗo ta daki kafaɗata, tamfol jiƙaƙƙe ya rufto min gaba ɗaya. Na san nauyin yadin nan a kan teburin yanka, ban san shi a kan ƙirji ba. Na lalubi zif, yatsuna suka ƙi kama shi. Ina karkarwa har haƙora na haɗuwa. Girman kai ya hana ni kira, daga baya da na so kiran, bakina ya yi nauyi. Abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna yanzu shi ne, can sai na ji karkarwar ta fara lafawa, wani barci mai daɗi yana jana.

Da wuƙa ya farka tantin. Na ji muryarsa yana cewa, "Baffa! Baffa, yi min magana!" Daga baya ya ce da na amsa, maganar ba ta fita daidai, kamar ta mai maye. Shi da jami'in suka ciccibe ni. Tantinsu ba wuta, saboda haka suka yanke shawarar gangarawa da ni wata ruga da muka wuce da yamma, tafiyar da ba ta fi minti 20 ba da rana. Rabin hanyar a bayansa na yi ta. Ni da na goya shi zuwa asibiti yana ɗan shekara 10 da zazzaɓi.

Bukkar da aka shigar da ni sai an sunkuya. Wani dattijon Bafulatani ya ɗaga asabari yana cewa, "Jabbaama, jabbaama," kamar dama yana jiran baƙi a wannan tsakar dare. Bai tambayi ko su wane ne mu ba. Yaron ya tuɓe min duk jiƙaƙƙun kaya, ban da ƙarfin jin kunya, ya sa min rigar sanyinsa, shi ya zauna da 'yar shimi. Aka kwantar da ni kan gadon kara mai ɗan tudu, an shimfiɗa busasshiyar ciyawa da fatar saniya. Wuta na ci a tsakiyar ɗakin. Tsohuwar gidan ta ɗora madara ta miƙo a ƙwarya, yaron ya riƙa ba ni kaɗan-kaɗan. Karkarwar ta dawo da ƙarfi, jami'in ya ce alhamdu lillahi, haka ake so. A wani lungu ɗan maraƙi ne a ɗaure yana kallona.

Da hankalina ya dawo sai na kwanta ina kallon rufi, aikin da na saba. Ana ruwa a waje kamar da bakin ƙwarya, amma ko ɗigo babu. Hayaƙi na tashi yana ratsa ciyawar yana fita, jinkar ta yi baƙi ƙirin tana ƙyalli. Iska na zuwa ta bi ta kan bukkar ta wuce, don ba ta da kusurwa ko doguwar fuskar da za a daka. Ƙofar kuma ta juya wa iskar baya. Duk abin da yaron ya faɗa min a Nguroje, ga shi a saman kaina, an yi shi da ciyawa da igiya.

Yana zaune a bakin gadon ya haɗa kai da gwiwa. Ya ɗauka na yi barci. Na ga kafaɗarsa na rawa, na rasa ko sanyi ne. Na ce, "Babana." Ya ɗago da sauri. Na ce, "Matso kusa da wutar." Ya matso. Na so in ce masa wani abu game da maganar dakon nan, harshena bai iya ba. Sai na ce, "Ka yanka min tanti." Ya ce, "Na yanka, Baffa." Muka yi dariya har dattijon ya taya mu, bai ma san me aka ce ba.

Ban kai ƙololuwar Chappal Waddi ba, kada wani ya ji labarin nan ya ɗauka na kai. Da gari ya waye ya ce mu juya gida, na ce a'a, samarin nan sun sha wahala, su je su ƙarasa, ni ina nan. Kwana biyu na yi a rugar. Dattijon na jin Hausa daidai gwargwado. Ya zagaya da ni ya nuna min yadda ake jera ciyawa daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya rufe kan na ƙarƙashinsa, yadda ruwa ba zai sami bakin shiga ba. Na ce masa ni ma sana'ata ke nan, yi wa mutane rufi. Ya ce to a ina na koya? Na ce a Kano. Ya gyaɗa kai cikin ladabi bai ƙara komai ba. Da za mu rabu na ciro kuɗi, ya ɓata rai, ya ce shi ba masauki ya buɗe ba. Sai na bar masa tamfol ɗin, farkakke. Ya ji daɗinsa ƙwarai, ya ce zai rufe gishirin shanu da shi. Kalma ɗaya na iya ta Fulatanci a lokacin, useko, na yi ta maimaita ta.

Da suka dawo ya nuna min hoton saman a waya: ciyawa, duwatsu, hazo, da shi a tsaye yana nuna wani gefe da hannu, wai nan Kamaru ce.

Na koma Kano da tari da ciwon kafaɗa. Uwargida ta ce maganina ke nan. Bayan mako ɗaya na kira shi na ce ya aiko min da tsohon tantinsa a mota. Na farke shi gaba ɗaya a kan teburin yanka, yaran shago na kallona, na auna kowane ƙyalle. Na ga yadda ake naɗe haɗi a kifa shi ƙasa, a like bayansa, yadda rigar waje ba ta taɓa ta ciki, da 'yan tagogin da ke can sama a ƙarƙashin murfi. Na nemo yadi mara nauyi a Kwari. Na lalata uku kafin na huɗu ya yi kama da abu. Wannan karon da kaina na kwana a cikinsa, a kan soron gidana, cikin sanyin Janairu, maƙwabta na leƙe suna tambayar ko lafiya.

Shi na kai masa ranar ɗaurin aure. Ya juya shi ciki da waje, ya bi ɗinkin da yatsa kamar yadda nake yi, ya ce zai gwada. Da damina ta sauka ya hau da shi. Bayan kwana huɗu saƙonsa ya shigo: "Baffa, ya tsaya wa iska. Amma kusurwar hagu ta wajen ƙafa tana ɗan yoyo." Na rubuta masa cewa ya sa alama da biro ya aiko min da shi.